Adaftar intanet ta wayar wuta: za ta yi aiki a gidan da ke da inbata da janareta?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum. Tambaya ce ga masana harkar wuta da na intanet. Gida ne bene mai hawa ɗaya, ginin bulo inci tara, tsakanin ƙasa da sama kuma kankare. Rauta tana falon ƙasa, Wi-Fi ba ya isa ɗakin karatu na sama yadda ya kamata, sashen baƙi na bayan gida kuwa ko alamarsa babu. Ana tallar adaftar powerline, wadda aka ce tana tura intanet ta cikin wayar wutar gida ba sai an fasa bango ba. Gidan yana da wutar NEPA fes uku, da janareta mai cenjoba, da inbata da ke ɗauke da fitilu da wasu soket. Za ta yi aiki a nan? In za ta yi, wacce iri?

Injiniya MK:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Kafin a je ga wacce za a saya, a san yadda abin yake aiki, domin amsar tana can.

Adafta biyu ne aƙalla. Ta farko ana soka ta a soket kusa da rauta, a haɗa su da wayar Ethernet. Ta biyu ana soka ta a ɗakin da ake son intanet, a jona kwamfuta ko talabijin, ko kuma ita kanta ta watsa Wi-Fi in mai Wi-Fi ce. Wutar gida tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, su kuma adaftocin suna ɗora nasu siginar a kan wayar tun daga wajen megahaz 2 zuwa 30 (megahaz ɗaya juyi miliyan ɗaya ne a daƙiƙa) a tsohon tsarin HomePlug AV na 2005, har zuwa megahaz 86 a tsarin AV2 na 2012. Wayar wuta ba don wannan aka yi ta ba. Ba ta da rufin da zai kare sigina, tana da rassa birjik, kuma duk abin da aka jona a gidan yana zuba nasa hayaniyar a cikinta. Saboda haka ƙarfin haɗin ya dogara da abu uku: tsawon wayar da siginar za ta bi, abubuwan da za ta ratsa a hanya, da yawan hayaniyar da ke kan layin.

Nisan ɗaki da ɗaki ba shi ne ma'auni ba. Soket biyu za su iya kasancewa bango ɗaya ya raba su, amma in kowanne yana kan bireka daban, sai siginar ta koma akwatin rarraba wuta sannan ta dawo. Mita biyu a ido ya zama mita arba'in a waya.

A gidan da ka bayyana, abin da zai yanke hukunci shi ne inbata. Soket ɗin falo da na ɗakin karatu, duka suna kan layin inbata ne ko ɗaya ne kawai?

Baban Ilham:
Na falo yana kan inbata. Na sama akwai soket biyu, ɗaya yana mutuwa in an ɗauke wuta, ɗayan ba ya mutuwa.

Injiniya MK:
To madalla, wanda ba ya mutuwa shi ne naka. Dole adaftocin biyu su zauna a ɓangare ɗaya, wato bayan inbata. In ɗaya tana layin inbata ɗayar tana layin NEPA kai tsaye, matsala biyu ce. Da an ɗauke wuta ta biyun ta mutu, wannan a fili yake. Ko da akwai wuta ma, siginar sai ta ratsa cikin inbatar, kuma a bakin shigar wuta da bakin fitarta akwai matatar da aka saka musamman don ta shanye irin wannan sigina mai saurin juyi. Wani lokaci su ga juna da ƙyar, wani lokaci ba za su ga juna ba sam.

Mai Wayarin:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara kan maganar fes uku, don a nan mutane ke ruɗewa. Gidajen da ake cewa suna da fes uku iri biyu ne. Akwai wanda wayoyi uku suka shigo daga turke amma gidan gaba ɗaya yana shan fes ɗaya ne a lokaci guda, in wannan ya yi rauni a cire fis a mayar wani, ko a juya da makunnin zaɓen fes. Irin wannan babu damuwa, duk soket suna layi ɗaya. Akwai kuma wanda aka rarraba kaya da gaske: ƙasa a ja, sama a rawaya, na'urorin sanyaya ɗaki a shuɗi. A irin wannan, siginar sai ta tsallaka daga fes zuwa fes. Tana iya tsallakawa ta inda wayoyin suka jeru kusa da juna cikin bututu ɗaya ko cikin akwatin rarraba wuta, amma gudun yana raguwa sosai. Akwai na'urar haɗa fes da ake ɗaurawa a akwatin don wannan aikin, sai dai aikin mai wayarin ne, ba na gwaji da hannu ba.

Yadda za a gane: a buɗe murfin gaba na akwatin kawai, a duba birekokin. Bireka babba mai hannu uku ko huɗu a haɗe, da layuka uku na ƙanana, alama ce ta an rarraba. Kada a kwance murfin ciki. Ga Baban Ilham kuma, tunda inbatar gida galibi fes ɗaya take fitarwa, duk abin da ke bayanta layi ɗaya ne, maganar fes ta faɗi.

Ummu Sadiq:
Ni shawarata a duba lambobin da ke jikin kwali da idon basira. AV600, AV1000, AV2000, ba gudun da kwamfuta za ta gani ba ne. Gudun siginar ne a kan waya mai tsafta, kafin a cire abin da gyaran kurakurai da sarrafa layi ke ci. Ga shi kuma hanya ɗaya ce ake rabawa, in ɗaya tana magana ɗayar sai ta saurara, in aka ƙara adafta ta uku da ta huɗu duk a wannan hanyar za su yi layi. A gida na gaske, wanda ya samu kashi ɗaya cikin uku na abin da aka rubuta ya gode Allah.

Abu na biyu, bakin Ethernet ɗin. TP-Link TL-PA4010 an rubuta mata AV600, amma bakinta na megabit 100 ne, ko a soket ɗaya aka jera su ba za ta wuce casa'in da 'yan kai ba. TL-WPA4220 mai Wi-Fi ita ma bakunanta na 100 ne, Wi-Fi ɗinta kuma gigahaz 2.4 kaɗai. TL-PA7017 ita ce AV1000 mai bakin gigabit. TL-PA9020P AV2000 ce, bakuna biyu na gigabit, da soket a jikinta. In intanet ɗin gidan megabit 20 ko 30 ne, ƙaramar ta wadatar. In fayiba ce ko Starlink mai kai wa sama da ɗari, ƙaramar ita za ta zama maƙura.

Abu Hanif:
To ai kawai ya sayi AV2000 ya huta, tunda ita ce babba.

Mai Wayarin:
A'a Malam Abu Hanif, ba haka kawai ba. Abin da ya sa AV2000 ta fi gudu shi ne tana amfani da wayoyi uku, mai wuta da nutural da wayar ƙasa, tana tura sigina ta hanya biyu a lokaci guda. Shi ake kira MIMO. A gidaje da yawa ramin sama na soket ado ne kawai, ba a ja masa koriyar waya ba, ko an ja ta amma ta tsinke a wani akwatin haɗi, ko ba ta kai ga sandar da aka binne ba. In babu wayar ƙasa mai ci gaba tsakanin soket biyun, AV2000 za ta koma aiki da hanya ɗaya, ka biya kuɗin babba ka samu aikin matsakaiciya. Akwai ɗan abin gwajin soket mai fitilu uku da ake sokawa, yana nuna ko akwai wayar ƙasa, da ko an juya mai wuta da nutural. A fara da shi.

Sannan ingancin wayarin kansa. Layin soket ya kamata ya zama tagulla mai kaurin sukwaya milimita 2.5. Inda aka yi amfani da waya mai garwaye da alminiyom, ko aka murɗa haɗi da hannu aka naɗe da salatif ya yi tsatsa, wutar gida mai juyi 50 tana wucewa fitila ta kama, amma sigina mai megahaz 30 tana zubewa a wurin. Soket mai sako-sako ma haka.

Ɗan Maradi:
Gaisuwa ga jama'a. Ga waɗanda ke ɓangaren Nijar, a lura da filogi. Soket ɗinmu mai ramuka biyu zagayayyu ne irin na Faransa, na Najeriya kuma mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Wutar dai kusan ɗaya ce, adaftocin suna karɓar bolt 100 zuwa 240. Amma in aka sayo mai ƙafar Ingila aka ɗora ta kan ɗan abin canja filogi mai araha, galibi wayar ƙasa ta yanke a nan, ga nauyin adaftar yana janye ta tana motsi. A sayi mai ƙafar da ta dace da soket ɗin gida tun farko.

Injiniya MK:
Haka ne. Yanzu ga abubuwan da ba a soka adafta a cikinsu, don su ne ke kashe yawancin haɗin da ake cewa "ba ta aiki":

Ekstenshan mai kariyar hauhawar wuta. Abin da ke cikinsa yana ɗaukar siginar a matsayin datti ya shanye ta. Sitabilaiza, domin taransifoma ce a ciki, sigina mai saurin juyi ba ta ratsa naɗin wayarta da daɗi. UPS na kwamfuta, dalili ɗaya da inbata. Ko ekstenshan na banza mara kariya yana rage gudu, musamman in caja uku suna kwance a kansa. Soket na bango kai tsaye, shi ke nan. In soket ɗaya ne a wurin, a sayi adafta mai soket a jikinta, a soka ekstenshan ɗin a bayanta. Irin wannan tana da matata da ke hana hayaniyar kayan da aka jona komawa cikin bango. Mai ƙafar Ingila amfiya 13 take ɗauka, kada a ɗora mata hita da dutsen guga a tare.

Ummu Sadiq:
Injiniya, a nan akwai tarko. An ce kada a saka ta bayan kariya, alhali kowa ya san yadda wuta ke dawowa da ƙarfi a wasu unguwanni. Ke nan adaftar ce kaɗai tsirara a gidan.

Injiniya MK:
Gaskiyarki Hajiya, kuma maganinsa a mayar da kariyar can baya, ba a bakin soket ba. A akwatin rarraba wuta ana ɗaura abu biyu: na'urar kariyar tsawa da hauhawar wuta ta nau'i na 2, da kuma rile, wato makunni mai aiki da kansa, mai yanke wuta in ta haura ko ta faɗi ƙasa da iyakar da aka saita, mai jinkirta dawo da ita na ɗan lokaci. Tunda waɗannan suna mashigar gida ne, ba su shiga tsakanin adafta da adafta. Ga wanda adaftocinsa ke bayan inbata, yawancin inbatoci suna da iyakar bolt da in wuta ta wuce su kan yanke su koma batir, wannan ma kariya ce, a duba an saita ta a ƙuntatacciyar iyaka ba mai faɗi ba.

Sai nau'in inbatar. Mai fitar da wuta mai santsi, wadda ake rubuta wa pure sine wave, ita ake so. Mai fitar da wuta mai matakala tana cika layi da hayaniya, gudu ya faɗi, haɗi ya riƙa yankewa. Janareta kuma, tsarin HomePlug AV yana daidaita lokacinsa da juyin wutar ne, kowane zagayensa juyi biyu, wato milisakan 40 a wutar 50. Babban injin dizal mai riƙe juyinsa daidai ba ya damunsa. Ƙaramin injin fetur da sautinsa ke hawa da sauka duk lokacin da firji ya tashi, a nan ake ganin tsinkewa. Kuma duk sanda aka juya cenjoba, adaftar da ba ta kan inbata za ta mutu ta sake tashi, a jira ta nemo 'yar uwarta.

Abu Hanif:
Maganar tsaro fa? Na ji an ce mitar wuta tana tare siginar, maƙwabci ba zai iya shiga ba.

Ummu Sadiq:
Kada a dogara da wannan. Mita tana raunana sigina, ba ta zama katanga ba. A gidan haya mai sassa da yawa da ke kan layi ɗaya, ko masu raba mita ɗaya, siginar tana kai wa. Bayanan a kulle suke da tsarin ɓoye bayanai na AES mai bit 128, amma adaftocin HomePlug da yawa suna fitowa daga kamfani da sunan rukuni iri ɗaya, HomePlugAV. Maƙwabci ya soka tasa sabuwa, sai ta shiga rukuninku ba tare da kowa ya nufa ba, rautoci biyu su haɗu a layi ɗaya, kowacce tana raba adireshi, intanet ya rikice wa gida biyu.

Yadda ake kullewa: a soka su biyun a ɗaki ɗaya tukuna. A danna maɓallin Pair na ta farko kamar daƙiƙa ɗaya har fitila ta fara ƙiftawa, cikin minti biyu a danna na ta biyu. In fitilar layin wuta ta tsaya cak, sun ƙirƙiri sabon mabuɗi nasu. Sannan a kai ta biyun inda za ta zauna, ba ta mantawa ko an cire ta. Ta uku in an ƙaro, a danna na ɗaya daga cikin tsofaffin sannan nata.

Kuma kada a gauraya tsari. Akwai HomePlug, akwai G.hn na hukumar sadarwa ta duniya ITU, wanda adaftocin devolo Magic ke amfani da shi. Ba sa jin yaren juna, in suna gida ɗaya ma takura wa juna suke yi. AV600 da AV1000 suna haɗuwa, amma a gudun ƙaramar.

Malam Na Rediyo:
Abu ɗaya da ba a ambata ba. Gajeren zango yana tsakanin megahaz 3 da 30 ne, daidai inda waɗannan adaftoci ke aiki. Mita 31 tana wajen megahaz 9.5, mita 25 wajen 11.8, mita 19 wajen 15.3. Wayar gida ba ta da rufi, sai ta zama eriya tana watsa siginar. In akwai dattijo a gidan da ke kama labaran safe da na yamma a gajeren zango, zai iya jin ƙara kamar ana soya abu duk lokacin da ake sauke bidiyo. Masu ƙera su suna toshe zangon 'yan rediyon sha'awa, ƙa'idar Turai ta EN 50561-1 kuma ta sa a riƙa kauce wa tashoshin watsa labarai, amma ba duk wadda ke kasuwa ce ke bin ta ba. FM ba ruwansa, yana farawa daga 87.5. Abin da ke ragewa: rediyon ta yi aiki da batir, a nisanta ta da bango mai waya.

Mai Wayarin:
Ni dai in za a bi tawa, ɗakin sama a ja masa wayar Ethernet irin Cat6. Tana kai mita 100 da gigabit cikakke, ba ruwanta da inbata ko caja. Ba sai an fasa kankare ba: a huda bango a fitar da ita waje, a hau da ita cikin bututun roba na milimita 20 a jikin gini, a shigar ta saman taga. A tabbata tagulla ce zalla, a kankare bakin waya ɗaya da reza, in ciki fari ne alminiyom ce aka shafa wa tagulla, tana karyewa. A can sama a saka tsohuwar rauta, a kashe mata DHCP, wato aikin raba adireshi, a jona wayar a bakin LAN, a ba ta suna da kalmar sirri irin na ƙasa.

Injiniya MK:
Babu musu waya ta fi. Amma mai haya da aka hana shi huda bango, ko gidan da aka gama fenti da tayil, adafta tana da wurinta. Abin da nake ba da shawara shi ne a sayo da sharaɗin mayarwa, a gwada kamar haka.

Gwajin gudun intanet na yau da kullum ba ya nuna ƙarfin adafta, yana haɗawa da raunin kamfanin intanet. A jona kwamfuta ɗaya a rauta da waya, a kunna manhajar auna gudu ta iperf3 da umarnin iperf3 -s. A jona ta biyu a adaftar sama, a rubuta iperf3 -c da adireshin ta farko, a ƙara -t 30. A yi haka sau uku: da wutar NEPA, da inbata ita kaɗai, da janareta. A maimaita da daddare lokacin da fitilu da fankoki da caja duk suna kunne, don a lokacin ne hayaniya ta fi yawa. Sannan a yi ping, wato tura ɗan saƙo a auna lokacin dawowarsa, zuwa rauta sau ɗari. Milisakan 3 zuwa 5 ba laifi. In ana ganin tsalle zuwa ɗari ko saƙo yana ɓacewa, akwai mai hayaniya a layin. A riƙa cire kaya ɗaya bayan ɗaya ana kallon manhajar tpPLC ta TP-Link, wadda ke nuna gudun da ke tsakanin adafta da adafta. Waɗanda aka fi kamawa: cajar waya mai araha, ƙwan fitilar LED mara kyau, makunnin rage hasken fitila, injin famfon ruwa. Cajar da ke soket ɗaya da adafta ta fi wadda ke wani ɗaki illa nesa ba kusa ba, matsar da ita kawai yakan isa.

In haɗin yana mutuwa bayan an bar kwamfuta na 'yan mintuna, yanayin tsimin wuta ne, adaftar tana barci in ta ga babu motsi a bakin Ethernet. Ana kashe shi a cikin manhajar.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri. Saura sashen baƙi na baya. Yana da ƙaramin akwatin wuta nasa, ba ya kan inbata, nisa kamar mita 25 daga babban gida.

Injiniya MK:
Can kam kada ka sa rai da adafta. Yana wajen inbata, ga akwati na biyu, ga doguwar waya a ƙasa. Sai dai a yi rukuni daban: adafta ɗaya a soket ɗin NEPA na babban gida, a kai mata Ethernet daga rauta, ɗayar a sashen baƙi, su yi aiki lokacin da akwai wuta ko janareta kawai, kuma sai in fes ɗinsu ɗaya.

Mai Wayarin:
Kuma kada a rataya Cat6 a iska tsakanin gini biyu, da damina tsawa tana bin ta ta ƙone bakin rauta. Ko dai a binne irin ta waje cikin bututu da abin kariya a kowane ƙarshe, ko a ja fayiba da 'yan akwatunan juya sigina guda biyu, tunda gilashi ba ya ɗaukar wuta. Mita 25 kuma in akwai taga mai kallon sashen, na'urar Wi-Fi ta waje guda ɗaya da aka ɗaura a bangon baya tana kallonsa za ta iya wadatarwa.

Ummu Sadiq:
Kafin a je kasuwa a juya rautar a duba bayanta. Ƙaramar MiFi ta aljihu ba ta da bakin Ethernet, babu inda adafta za ta shiga. Rautar Starlink ta ƙarni na biyu ma sai an sayi abin haɗin Ethernet daban, ta ƙarni na uku ce ke da bakuna biyu a jikinta.